Shiru a ofishin 'yan sanda, magana a gaban kotu

Ɗana, ka tambaye ni ko idan an kira ka ofishin 'yan sanda a Ingila a matsayin lauya za ka ce wa wanda ake zargi ya kama bakinsa kawai. A Najeriya sashe na 35(2) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba shi damar yin shiru har sai ya ga lauya, amma kada ka ɗauki wannan sabo ka kai can.

Tun daga dokar shari'ar laifuka ta 1994, sashenta na 34 ya canza lissafi a Ingila da Wales. Shirun kansa ba laifi ba ne. Abin da ke cin mutum shi ne ya zo kotu da hujjar da bai ambata ba lokacin tambayoyi, alhali ya kamata ya faɗa. Misali, an tambaye shi ina yake daren Talata, ya ce ba shi da ta cewa; bayan wata shida sai ya ce yana gidan yayarsa. Alƙali na iya gaya wa 'yan juri, wato mutanen gari da ke yanke ko yana da laifi, cewa suna iya ɗauka daga baya ya ƙirƙiro maganar. Sai dai dole an yi masa gargaɗin doka, wato an sanar da shi cewa shirun na iya cutar da shi a kotu, an kuma bar shi ya nemi lauya, kuma sashe na 38 ya hana a same shi da laifi a kan shirun kaɗai.

To, kafin a kunna na'urar ɗaukar murya, tambayi ɗan sandan shaidar da ke hannunsa, ka rubuta abin da ya ce da lokacin da ya faɗa. Idan ya ɓoye da yawa, ku zauna da wanda ake zargin ku rubuta takardar bayani, ya sa hannu, a karanta ta cikin na'ura, sannan ya yi shiru. Kotun ɗaukaka ƙara ta amince da wannan a shari'ar Knight ta 2003. A nan matasan lauyoyi ke tuntuɓe: su rubuta layi uku cikin gaggawa, su manta sunan yayar ko unguwarta. Duk abin da aka bari, shi mai gabatar da ƙara zai kama.

Cewa "lauyana ne ya hana ni magana" ba ya wanke shi shi kaɗai. Kuma da zarar ka bayyana dalilin shawararka, sirrin da ke tsakaninku na iya buɗewa, a nemi littafin rubutunka, har a kira ka shaida.