Ƙanena zai fito daga gidan gyaran hali, yaya za mu yi kada ya koma?

Malama, kin ce saura wata biyu ya fito, kina tsoron tsoffin abokansa. Tsoronki na kan hanya, watannin farko su ne masu haɗari.

A Japan akwai 'yan sa-kai da ake kira hogoshi, mutanen unguwa ne marasa albashi. Sukan gana da wanda aka sallama kamar sau biyu a wata, galibi a gidajen 'yan sa-kan, a sha shayi a yi hira. Ki samo masa dattijo ɗaya irin wannan, limami ko ubangidan sana'a, wanda yake jin kunyarsa. Ɗaya tak, kada a taru a kansa.

Waya kuwa, a yi hattara. Da ita zai koyi gyaran sola a YouTube, da ita kuma tsohuwar majalisa za ta nemo shi. A sake masa layi. Idan ya fara karatun NOUN, wato jami'ar karatu daga gida ta Najeriya, a ciki, kyauta ne ga fursunoni, ki tambayi jami'in walwala na gidan gyaran halin yadda zai ci gaba.

Kada a damƙa masa jari ranar farko, kada a riƙa yi masa gori. In akwai shaye-shaye, nasiha ba ta isa ba, ku kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa ko sashen ba da shawara na hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA.