Filin Tambaya da Amsa: Kwando, Kiret da Kwalbar Zoɓo

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina noman tumatir a Kadawa, ina lodi daga Kwanar Gafan zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas. Duk tafiya sai na tarar na ƙasan kwando ya zama ruwa. Ana ta ce mini in koma kiret ɗin roba, amma akwai tsada, ga shi kuma ana cewa roba tana ɓata ƙasa. Mene ne shawararku? (Wani manomi daga Garun Malam)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Laifin daga ƙirar kwandon yake. Bakinsa da faɗi, gindinsa a tsuke, ga zurfi, don haka nauyin kilo 40 ko fiye yana sauka ne a kan 'yan tumatir ɗin da ke ƙasa. Tsinken saƙar yana soke fatarsu, duk inda fata ta fashe kuwa nan ruɓa take shiga, ruwan ɗaya ya shafi goma. A mota kuma kwandon sama yana zaune ne a kan kayan na ƙasa, a haka za a yi tafiyar kusan kilomita 1,000 cikin gargada.

Kiret yana ɗaukar kilo 20 zuwa 25. In aka ɗora wani a kansa, bangon kiret ɗin ne ke ɗaukar nauyin, tumatir ba ya jin komai, iska kuma tana ratsa hudojinsa ta kwashe zafi. Amma mun sha ganin wanda ya sayi kiret ya ci gaba da asara, saboda ya yi masa tozo irin na kwando. A bar tazarar yatsu biyu tsakanin tumatir da bakin kiret. A tsinka da sassafe, lokacin da ya fara sauya launi, kafin ya yi jajir. A cire tsinken da ke kansa don kada ya huda na kusa da shi, a ware mai tsutsa da wanda ya tsage tun a gona, a ajiye a inuwa har mota ta zo. Kada a shaƙe lodin da tampol ta ko'ina. A rufe sama saboda rana, a bar gefe iska ta shiga, in da hali a tashi da yamma.

Bayan kowace tafiya a wanke kiret da sabulu, sannan a tsoma shi minti biyu a ruwan bilicin wanki: cokali 5 na cin abinci a jarka mai lita 20, in bilicin mai ƙarfin kashi 3.5 ne. A shanya ya bushe. Kiret ɗin da ba a wankewa yana ɗauko ruɓar wancan lodin ya zuba wa wannan.

Batun ɓata ƙasa, damuwarka tana kan hanya, amma roba suna ta tara. Wadda ta addabe mu ita ce leda da farar robar zuba abinci da ake jefarwa bayan amfani ɗaya, wadda jihar Legas ta haramta a watan Janairun 2024. Kiret yana shekaru yana aiki, in ya fashe masu narka roba su saya. A ganinmu ɓarnar da ta fi ciwo ita ce tumatir ɗin da ya sha ruwan dam ɗin Tiga, ya ci taki da man injin ban ruwa, ya ƙare a bola.

Inda gizo ke saƙar shi ne dawo da kiret daga Kudu. Ku sayi irin wanda ke shigewa cikin ɗan'uwansa in babu kaya, don kada kuɗin motar dawowa ya cinye ribar. Ku haɗu a ƙungiya, ku yi wa naku fenti da lamba, ku yi yarjejeniya da dillalinku a rubuce kan adadin da ya karɓa da wanda zai biya in ya ɓata. Ku kuma daidaita da shi tun kafin lodi kiret nawa ne zai tsaya a matsayin kwando ɗaya, domin kasuwa da kwando ta saba yin ciniki. Wanda bai da ƙarfin saya tukuna, ya koma ƙaramin kwando, ya shimfiɗa takarda mai tsabta a ciki, ya sa katako tsakanin sahu da sahu a mota.

Tambaya: Albasata tana ruɓewa a buhu tun kafin ta kai wata. Ko buhun ne? (Wani ɗan gwari daga Aliero)

Amsa: In buhun taki ne ko na shinkafa mai leda a ciki, to shi ne. Albasa tana numfashi, gumin ya taru ya rasa hanyar fita. Ka koma buhun algarara ko na raga, ka ɗora a kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango. Kafin nan ka bar ta a inuwa mai iska kamar mako biyu, sai wuyanta ya bushe ƙamas. Mai ɗanyen wuya ko a wane buhu ka sa ta ruɓewa za ta yi.

Tambaya: Ina sayar da zoɓo da kunun aya a robobin lemo da yara ke tsinto mini. Ina so in gyara sana'ar, ya kuma daɗe bai yi tsami ba. Ya zan yi? (Wata uwargida daga Zariya)

Amsa: Hajiya, Allah ya yi wa sana'a albarka, kuma don Allah ki rabu da robar tsintuwa. Ba ki san abin da aka taɓa zubawa a ciki ba, ga shi ba ta jure ruwan zafi, tana lanƙwashewa tun kafin ya kai tafasa, don haka babu yadda za ki tsabtace ta yadda ya kamata. Kwalbar gilashi ita ce mafita ga zoɓo: ana tafasa ta, ana kuma sake amfani da ita sau da dama. Ki sa wa kwalbar kuɗin ajiya, wanda ya dawo da ita ya karɓi kuɗinsa, kamar yadda masu lemon kwalba suka daɗe suna yi.

Ki wanke kwalabe da burushi, ki duba bakinsu ko akwai tsaga, ki tafasa su minti 10. Ki tace zoɓon, ki sa sukari, ki mayar wuta ya kusa tafasa, wato ya haura digiri 85, ki ɗura shi da zafinsa cikin kwalba mai ɗumi. In kwalbar ta yi sanyi fashewa za ta yi. Ki bar sarari kamar yatsu biyu a wuya, ki rufe da sabon murfi nan take, ki kwantar da ita minti 3 don zafin ya taɓa cikin murfin, sannan ki tayar ta huce. Abin da ya fi lalata wannan aiki shi ne ƙara ɗanyen ruwa, ƙanƙara ko ɗanyar abarba bayan an sauke. Duk abin da zai shiga, har citta da kanumfari, ya shiga kafin zafin ƙarshe. Kwalbar da kika ga murfinta ya kumbura ko tana kumfa, ki zubar.

Wannan dabara tana yi wa zoɓo aiki ne saboda tsaminsa na asali, wanda ke hana ƙwayoyin cuta masu haɗari yaɗuwa. Kunun aya ba shi da wannan tsamin, don haka kada ki rufe shi a kwalba ki ajiye a kan kanta. Ki yi daidai wanda za ki sayar a ranar, ki riƙe shi cikin firji ko kula mai ƙanƙara tun daga tacewa har hannun mai saye.