Kwafi kusan 3,000 a sito: yaro nawa ka ba ya karanta kafin ka buga?

Wani ɗan'uwa mai shagon turare da jallabiyoyi a Misfala, nan Makka, ya aiko da wannan: "Ganin yadda 'ya'yanmu ke rasa Hausa, na sa ɗan yayana, wanda Allah ya ba hannun zane, ya zana mini tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, shafi 32 masu kala, da rubutun boko. Na ba shi riyal 6,000, maɗaba'a ta ci 18,000, aka bugo mini kwafi 3,000. Ina sayarwa riyal 10. Wata biyar ke nan, 140 kawai suka fita. Waya ta hana yaran yanzu karatu. Ina so in ranci 20,000 in fitar da na biyu, in zuba talla, daga nan a mayar da shi katun kamar yadda mutanen Japan ke yi. Me ka gani?"

Alhaji, Allah ya saka maka da alheri a kan niyya. Amma ka bar jaki kana dukan taiki. Na karanta wasiƙarka har sau biyu ina neman wurin da ka ce ka miƙa wa wani yaro littafin nan kafin ka kai shi maɗaba'a, ban gani ba. Ka nuna wa ɗan yayanka, wanda shi ya zana, ai ba zai kushe aikinsa ba. Wataƙila ka nuna wa abokan hira a ƙofar shago, suka ce masha Allah. Su kuwa ba su aka yi wa littafin ba.

Yaron da aka haifa a unguwannin Makka irin su Shara Mansur ko Hindawiyya, da wane baƙi ya koyi karatu? Da Larabci. Hausa a kunne yake jin ta, a bakin uwa da kaka, bai taɓa ganin ta a takarda ba. In ya ɗan san baƙaƙen Turanci daga makaranta, ba su isa su kai shi ga ƙ da ɗ da ɓ ba. Ko buɗe littafin ma daga dama zai fara, wato daga ƙarshen labarinka, ya bi hotunan daga dama zuwa hagu, ya tarar Gizo ya sha duka tun bai yi satar ba. Minti goma da yaro ɗan shekara tara a tsakar gidanka da sun nuna maka wannan kyauta. Kai kuma ka biya riyal 24,000 kafin ka ji, kuma har yanzu ba ka ji ba, tun da waya kake zargi.

Yaran nan suna karanta labarin zane, kar ka yaudari kanka. Iyayensu da yawa sun tashi da mujallar Majid da aka fara bugawa a Abu Dabi a 1979. A 2021 aka fara fitar da mujallar labarin zane mai suna Manga Arabia a nan Saudiyya, da Larabci, yaro na samun ta kyauta a takarda ko a wayar da kake zagi. Da wannan kake gasa, da riyal gomanka da rubutun da yaro bai iya ba.

Na taɓa zama da wani a Jidda, wajen Bab Sharif, da ya buga littafin koyar da addu'o'i da hotuna, kwafi 5,000, don maɗaba'a ta ce in ya ƙara yawa kuɗin kowane kwafi zai sauka. Gaskiya suka gaya masa, haka injin bugu yake. Sai dai kwafin da bai fita ba, arharsa ba ta da amfani. Shekara biyu yana biyan hayar sito, laimar Jidda ta manne shafukan, ga sunan Allah a ciki balle ya sayar wa masu ƙunshe kaya. Shi ma yara bai tambaya ba, surukinsa ya tambaya.

Lissafinka ma duba shi. Kowane kwafi ya tsaya maka riyal 8. Duk mai shagon da zai ajiye maka sai ya cire nasa, a ce riyal 3. Ka ga ko an saye duka 3,000 ta hannun masu shaguna, faɗuwa ka yi. Maganar katun kuwa, don Allah ajiye ta. Labarin da ake mayarwa katun a Japan yawanci sai ya daɗe yana fita a mujalla, masu karatu suna jiran na gaba. Kai mutum 140 ne suka saya, ban kuma san nawa ne a cikinsu suka saya don kunyar idonka ba.

Kar ka ranci ko riyal ɗaya. Zanen ka riga ka biya, to karɓo ainihinsa daga kwamfutar ɗan yayanka, ku rubuta a takarda cewa naka ne, tun zumunci na da daɗi. Zaɓi shafi takwas, a juya jerin hotunan ya fara daga dama, a sake rubuta maganganun iri biyu: ɗaya Hausa da baƙaƙen Larabci masu wasali, ɗaya Larabci zalla da kalmomin Hausa jefi-jefi. Kula da ajamin: kar a yi irin na allo, mai ɗigo ɗaya a saman ƙaf da ɗigo a ƙarƙashin fa. Yaron makarantar Saudiyya zai karanta ƙaf ɗin nan a matsayin fa. Yi hoton takarda kwafi ashirin, kuɗin bai kai na cefanen yini ba. Raba wa yara ashirin da ba 'ya'yanka ba, kar ka ce musu komai, zauna gefe ka sa ido. A wane shafi suka yi dariya? A ina suka ajiye suka koma wasa? Wa ya ce ina sauran? In masu neman sauran ba su kai rabi ba, a labarin matsalar take, ba talla za ta gyara shi ba. In sun kai, sai a yi maganar bugu, kwafi 500, bayan ka nemi izinin bugawa daga hukuma, ka kuma nemi lambar littafi daga ɗakin karatu na Sarki Fahad a Riyad.

Katan-katan ɗin da ke sito kuwa suna da masu karatu, sai dai ba a Makka suke zaune ba. Suna Kano da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram, iyayensu kuma ta ƙofar shagonka suke wucewa a umrar azumi da lokacin Hajji, suna neman tsarabar yara. Sauke farashin zuwa riyal 5, don riyal 10 ya haura naira 3,000 a aljihun alhajin Nijeriya. Ajiye shi kan tebur kusa da tasbaha da hular yara, inda hajiya ke tsayawa tana ƙirga jikoki da yatsu.