Ɗana Yana Bin Bayan Tirela a Keke, Wai Haka Zakarun Gudu Ke Yi

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Na yi tseren keke a ƙuruciyata, shekaru suka sa na ajiye. Ɗana mai shekara 17 ya gaje ni, har ya fi ni zafin ƙafa. Kwanan baya ya nuna mini bidiyon wata mata da aka ce ta yi gudun kilomita 296 a awa a kan keke, da na wani keke mai kama da kifi da ya wuce 140. Tun daga nan shi da abokansa suka tsiri maƙalewa bayan manyan motoci a babban titi, wai atisayen iska ne. Na hana shi, ya ce zamani ne ya wuce ni. Wallahi barci ya ƙaurace mini. Alƙaluman nan gaskiya ne? Kuma akwai yadda ake bin bayan mota ba tare da hatsari ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya tsare mana yaran nan. Alƙaluman biyu duk gaskiya ne, sai dai ba gida ɗaya suka fito ba, kuma haɗa su da masu yanka bidiyo ke yi shi ne ya jefa ɗanka cikin wannan hali.

Bari in fara da keken kifin, don shi ne fagena. Tunda ka yi tsere, ka san da zarar gudu ya haura kilomita 30 a awa, mafi yawan guminka a ture iska yake ƙarewa. Abin da ba kowa ke riƙewa ba shi ne lissafin: in ka ninka gudu sau biyu, turjiyar iska ta ninka sau huɗu, ƙarfin da za ka zuba don cin ta kuwa sau takwas. Ƙafar ɗan Adam ba ta da wannan ninkin. Shi ya sa masu ƙira suka bar ƙafa suka koma kan iska. Suka kwantar da mahayi rigingine don faɗin da yake tarar iska ya ragu, suka lulluɓe shi da ɓawo na zaren kabon, mai dunƙulallen hanci da doguwar jela siririya. Jelar nan ta fi hanci muhimmanci, don ita ke sa iskar da aka raba ta sake haɗuwa a hankali maimakon ta yi ta birkicewa a baya tana janyo keken. Wasu har taga suka cire, domin layin da gilashi ya haɗu da jiki ma yana dagula iska. Mahayi yana kwance cikin duhu, kyamara na nuna masa hanya a ɗan allo.

Da irin wannan keke, mai suna Eta, na ƙungiyar Aerovelo ta Kanada, Todd Reichert ya yi kilomita 144.17 a awa a watan Satumbar 2016. A ɓangaren mata, Ilona Peltier 'yar Faransa ta yi 126.52 a 2019. In kana son ganin aikin ɓawo tsirara, dubi tseren awa guda, inda ake auna nisan da mutum zai ci cikin awa ɗaya: Filippo Ganna, wanda ya ci kambun duniya, ya yi kilomita 56.792 a keken tsere a 2022, amma Francesco Russo ya yi 92.432 a keke mai ɓawo tun 2016. Tazarar nan ba ta cinya ba ce. Kuma rigimar tsohuwa ce, don tun 1933 da Francis Faure ya yi kilomita 45.055 a awa guda kan keken kwance na Charles Mochet, hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta ga abin ya fi ƙarfinta, a 1934 ta sake ƙa'idar abin da ake kira keke ta kori kekunan kwance daga fagenta. Ma'aikatan ofis ke nan, in abu ya gagare su sai su soke shi a takarda.

To a ina ake wannan gudu? A wani miƙaƙƙen titi mai lamba 305 kusa da garin Battle Mountain a jihar Nevada ta Amurka, kowace Satumba. Wurin yana da tsayin kusan mita 1,400 daga teku, iskarsa ba ta da kauri. Ana rufe titin gaba ɗaya. Mahayi yana ɗaukar kusan kilomita 8 yana tara gudu, a mita 200 kacal ake auna shi. In iska ta wuce kilomita 6 a awa, ba a karɓar sakamakon. Mutane ne ke riƙe keken a tashi, mutane ne ke cafe shi a tsayawa, don mahayi ba ya iya sauke ƙafa. Ka lura, Malam: babu mota a gabansa tana tare masa iska. Dokar wannan fage ta haramta haka.

Yanzu ga inda raina ke ɓaci. Kusan kullum sai wani yaro ya turo mini bidiyon kilomita 296 ɗin nan yana cewa ai sirrin a bi bayan mota ne. Matar ita ce Denise Mueller-Korenek, ta yi haka a Satumbar 2018 a filin gishiri na Bonneville da ke jihar Utah. Fili ne shimfiɗaɗɗe iya ganinka, babu mahaɗa, babu mai tsallakawa. Motar da ta bi ta tsere ce, an ɗaura mata rumfa a baya musamman don ta ɓoye mai keken. Direbar, Shea Holbrook, ƙwararriyar 'yar tseren mota ce, aikinta ɗaya a ranar shi ne kada ta yi motsin da ta bayanta ba ta sani ba. Giyar keken ta yi nauyin da ba a iya tashinsa daga tsaye, sai da aka ja ta da igiya gudu ya kankama sannan ta saki. Duk da irin wannan shiri, Fred Rompelberg ɗan Holan, wanda ya riƙe tarihin kafin ita da kilomita 268.8 a 1995, ya taɓa faɗuwa a wannan filin a 1988 ya kakkarye. Mai bidiyo ba zai faɗa wa ɗanka wannan ba. Shi dai ya samu masu kallo, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi.

Mu ɗora wannan kan tirelar da yaronka ke bi. Gaskiya ne bayan babbar mota akwai aljihun iska da ke jan mai keke, har ya ji feda ta yi sakayau. Daɗin nan shi ne tarkon. Kafin ka ji jan sosai sai ka matso mita ɗaya ko biyu. A gudun kilomita 60 a awa, keke na cin kusan mita 17 a daƙiƙa guda, kuma kafin ido ya ga jar fitila, ƙwaƙwalwa ta gane, yatsu su matse birki, kusan daƙiƙar ta tafi. Wato ya riga ya shige ƙarƙashin motar kafin robar birki ta taɓa ƙarfe. Wannan in fitilar birkin tana aiki ke nan. Yaran nan suna ce mini ai su suna da saurin hannu. Saurin hannun me? Ko ya matse a kan lokaci, keke ba ya karɓar birki mai tsanani, sai tayar baya ta ɗaga ta wuntsila shi ta gaba.

Sannan makaho ne a wurin. Ramin da tirela za ta bi ta kansa ba ta ji ba, shi zai gan shi ne lokacin da ya fito daga ƙarƙashinta, a gaban tayarsa. Haka dutse, haka guntun tayar da ta fashe, haka man da ya zube. Direba kuma bai san da shi ba, don daidai bayan mota babu madubin da ke nunawa. Wani ya ce mini su suna sanar da direba tukuna. To direban ya san da akuyar da za ta faɗo masa? In ya zaɓa tsakanin taka birki da kashe wanda ke gabansa, birki zai taka, kuma daidai ya yi.

Akwai kuma abin da ko tsofaffin 'yan tsere ba su cika sani ba. Aljihun iskar ba a tsaye yake ba, yana kaɗawa hagu da dama, gefensa cike da guguwa. Ranar da yaro ya gaji ya ɗan ja baya, ko motar ta ƙara wuta, sai ya fita daga mafaka ya ci karo da iskar kilomita 70 gaba ɗaya, ga jijjiga ta gefe, ga motocin da ke biye. Faɗuwa a kilomita 60 a awa daidai take da faɗowa daga tsayin mita 14, kamar bene mai hawa huɗu. A 80 ya zama mita 25. Hular kwanon keke ba don wannan aka yi ta ba. Su masu keken ɓawo in sun faɗi, ɓawon ne ke darzar kwalta yana zamewa da su a ciki, ga motar asibiti a gefe. Ɗanka riga ce tsakaninsa da titi.

Don haka amsar tambayarka ta biyu: a buɗaɗɗen titi babu, ko direban ɗan'uwanku ne. Bin bayan inji da ake yi a horo, a rufaffen filin tsere ya kamata a yi shi, bayan ƙaramin babur, da mai tuƙi da aka horar don haka. Kuma in sun ce to bari su ƙera wa keke ɓawo da langa-langa, a dakatar da su. Ɓawo yana mai da keke kamar filafilan jirgin ruwa, iskar gefe ko hucin motar da ta gifta ya isa ya watsar da shi, ga kaifin ƙarfen.

Yaro mai shekara 17 ba ya jin "bari" kawai, kai ma ka san haka. Ka ba shi abin yi da wannan zafin. Ya gyara zamansa, ya sunkuya, ya tattara gwiwar hannu ciki, ya daina sa riga mai lilo, ya auna lokacinsa a hanya ɗaya mara cunkoso kafin gyara da bayan gyara. In kansa na ja a lissafi, ka gaya masa ɗaliban jami'a ne suka ƙera keken VeloX3 da Sebastiaan Bowier ya yi kilomita 133.78 da shi a 2013, ɗaliban Delft da Amsterdam a ƙasar Holan. Amma kafin nan, Malam, ka nemi iyayen abokan nasa ku zauna a cikin makon nan, kuma keken ya kwana a ɗakinka da kwaɗo har sai ya yi maka lissafin mita 17 ɗin nan da bakinsa.