Tambaya da Amsa: Sunayen Tsuntsayen Ruwa

Wani ɗan kasuwa daga Maraɗi ya ce ya yi sammako bakin teku a Kwatano, ya ga fararen tsuntsaye suna shawagi suna suran kifi, ga kuma ƙanana suna sassarfa a bakin taɓo. Yaya sunansu da Hausa?

Alhaji, masu suran kifin ka ce musu tsuntsayen teku, ya wadatar. Ƙasar Hausa ba ta da teku, kakanninmu kuwa abin da suka zauna da shi suka raɗa wa suna. Ƙananan nan baƙi ne, da yawansu daga Turai suke tasowa gudun sanyi, su ƙetare Sahara wajen watan Oktoba, su koma wajen Maris. Da hunturu kana iya ganin irinsu a tafkin Madarumfa.

Wata malamar makaranta daga Tibiri ta ce: shin zalɓe da balbela abu ɗaya ne?

A'a, Malama, kuma wannan haɗin gambizar na damuna. Yau duk tsuntsu mai dogon wuya sai yaro ya ce balbela, babba ma ya amsa masa. Balbela fara ce, ƙarama, makiyayi ya fi masunci saninta, domin shanu take bi tana tsintar fara da ƙwarin da kofato ya tayar. Zalɓe ya fi ta girma nesa ba kusa ba, kalar toka gare shi, shi kaɗai yake tsayawa cikin ruwa, wuya a lanƙwashe, ba motsi, sai kifi ya gifta ya kai sara. Da can yaron da ya tashi a bakin Gulbin Maraɗi zai rarrabe maka jinjimi da dinya da kirinjijiya da kwasakwasa mai jaka a maƙoshi. Yanzu mai digiri ma "wani tsuntsu" yake cewa. Don Allah ku riƙa kai 'yan makaranta bakin fadama da sassafe, ku nemi masunci tsoho ya nuna musu.

Wani ya tambayi jam'in dinya.

Dinyoyi.

Wani daga Gidan Rumji ya nemi ma'anar "Kowa ya ga shamuwa, da kwushinta ya gan ta."

Kwushin shi ne ja-jan nan na ƙafafunta. Ana faɗa wa wanda ke mamakin halin da mutum ya daɗe da shi. Kuskure ne a mai da shi zagi, kamar yadda nake ji a bakin samari. Shamuwa dai ba tsuntsuwar taɓo ba ce sosai, fara ta fi ci. Tana iso mana gab da damina, ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari, da kaka ta nufi kudancin Afirka. Shi ya sa manomi in ya gan ta yakan fara gyaran gona.