Kunu ya ƙona min yaro, in fasa bororon ko in bari?

Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannu da jinya, Allah ya ba yaron lafiya. Na ga abin da kika rubuto, cewa jiya da magariba kunu ya zubo wa ɗanki ɗan shekara 6 a damtse, wurin ya yi ja ya tashi bororo, kakarsa ta shafa masa makilin, yanzu kuma ana ce miki ki fasa da allura ki manna gashin zomo. Dan Allah kar ki fasa, gashin zomon nan ma ki bar shi inda yake. Ni sana'ata tuyar awara da dankali ce, hannuwana duk tabon mai ne, ga yara cike da gida, kuma ƙanwata nas ce ita ta yi ta fama da ni har na gane yadda abin yake, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuto miki a tsanake.

Maganin ƙuna na farko ruwa ne, ruwa kawai. Da zarar abu ya ƙona mutum a kai wurin ƙarƙashin famfo ruwa ya yi ta zuba a kai har minti 20, ba wai a watsa kofi ɗaya a ce an yi ba, minti 20 cif, ki duba agogon wayarki don wallahi in yaro yana tsala ihu minti 3 ma sai ki ga kamar awa guda. Dalilin shi ne ko an ɗauke abin da ya ƙona shi zafin yana nan a cikin naman yana ci gaba da cinsa, kamar dankalin da kika tsame daga mai kika zuba a matsami, ai kin san bai daina dahuwa nan take ba. Ruwan shi ke janye zafin nan kafin ya nitsa ƙasa, shi ya sa wanda aka yi wa haka sau da yawa ko bororon kirki ba ya yi, raɗaɗin ma ya sauka. In babu famfo, kamar yadda yake a yawancin unguwanninmu, ruwan randa ya isa, a sa buta ko moɗa ana zubawa a hankali, ko fiya wata wanda bai shiga firiza ba. Banda ƙanƙara. Mutane suna ganin ai ƙanƙara ta fi sanyi ita za ta fi, alhali tana tsuke jijiyoyin jinin wurin ta ƙara kashe fatar da dama ta sha wuya. Kuma in ƙaramin yaro ne, musamman da hunturu, wurin ƙunar kawai za a jiƙa, sauran jikin a lulluɓe shi kar sanyi ya kama shi.

Kunu da koko da miya sun fi ruwan zafi mugunta saboda suna da kauri suna manne wa fata, to a fara wanke su a cire rigar da ta jiƙe da sauri, sai dai in rigar ta manne da naman, wannan ba a fizga, a yanke gefe da almakashi a bar wanda ya manne likita ya cire. Zobe, awarwaro, agogo, duk a zare tun wurin bai kumbura ba, na ga matar da sai da aka nemo mai yankan ƙarfe saboda zobe ya maƙale a yatsan da mai ya ƙona.

Toh ke yanzu naki ya kwana, ruwan nan yana amfani ne a cikin awa 3 na farko, don haka wannan ya wuce, na faɗa ne saboda gaba da kuma masu karantawa. Abin da ya rage miki shi ne tsafta. Ki wanke hannunki da sabulu, ki samu ruwan da aka tafasa ya huce, ki wanke makilin ɗin nan a hankali ba tare da gurzawa ba, in ya bushe ya kama ki jiƙa shi ya yi laushi da kansa. Kar ki sa sifirit, kar ki sa Dettol tsagwaronsa, zafi kawai za ki ƙara wa yaro ki ɓata sabuwar fatar da ke son fitowa.

Maganar makilin kuwa, kar ki ga laifin kaka, duk haka muka taso muka gani, kuma da aka shafa ana jin sanyi-sanyi sai a ɗauka magani ne. Sanyin nan na minti ne da ke cikinsa, a sama kawai yake, zafin na nan a ƙasa an rufe shi. Haka manja, man shanu, ɗanyen ƙwai, gishiri, ƙullu, toka, har baƙin mai na ga makanikai suna shafawa in salansa ta ƙona su. Masu maiƙo suna riƙe zafin, ɗanyen ƙwai da toka da gashin zomo kuma ƙwayoyin cuta suke kaiwa cikin ciwon da ba shi da fatar da za ta kare shi. Gashin zomo ya fi ba ni haushi gaskiya, don yana bushewa ya yi ɓawo a sama kowa ya ce ai ya kama, ƙasa kuwa mugunya ce ke taruwa, ranar da za a je asibiti sai an jiƙa an ɓanɓare shi yaro yana suma don azaba. Na san za a ce ai wane an sa masa ya warke, eh ya warke, ƙaramar ƙuna dama ko ba a sa komai ba tana warkewa, waɗanda nasu ya ruɓe ba su ake ba da labari ba.

Bororo kuma ki bar shi. Fatar nan da ta tashi ita ce bandejin da Allah ya yi wa wurin, ruwan ciki mai tsabta ne, muddin bai fashe ba datti ba ya shiga, a hankali jiki zai shanye ruwan sabuwar fata ta fito a ƙasa. In ya fashe da kansa, yara ai ba sa zama, ki wanke da ruwan nan da ya huce ki shafa Vaseline mai tsabta siriri, ba wanda kowa ke tsoma yatsa a ciki ba, ki rufe. In bororon babba ne ya yi tamtsan yana hana shi lanƙwasa hannu, nas ce za ta zuƙe shi da kayan aiki masu tsabta, ba allurar ɗinki da aka ɗora a wuta ba.

Wajen rufewa kar ki ɗora auduga kai tsaye, zarenta yana shiga ciwon. A kemis akwai bandeji mai maiƙo wanda ba ya mannewa, ki ce musu na ƙuna kike so, shi ake fara ɗorawa sannan a naɗa na yau da kullum a kai sako-sako, kar a ɗaure tamau. A canza kullum ko bayan kwana biyu, ko duk sanda ya jiƙe ko ya yi datti, in ya manne a jiƙa shi kafin a cire. In hanyar asibiti za a kama da sabuwar ƙuna, ledar nan ta naɗe abinci mai shara-shara tana da kyau, a shimfiɗa ta a kai kawai ba a zagaye hannun da ita ba, amma ba a sa ta a fuska.

Don raɗaɗi ki ba shi parasitamol na yara daidai shekarunsa yadda aka rubuta a kwalba, asfirin ba a ba yara. Za ki ji ana ta cewa Dermazin, shi ne man ƙunar da aka fi sani a kemis ɗinmu, amma ba kowa ake sa wa ba, mai ciki da ta kusa haihuwa da jariri sabon haihuwa da wanda jikinsa ba ya karɓar magungunan salfa irin su Septrin duk ba a so, don haka ki bari ma'aikacin lafiya ya ga ciwon ya ce a sa. Shuɗin maganin nan GV ni ban cika so ba, yana rine wurin ta yadda ko ya fara lalacewa ba za ki gane ba. Zuma kuwa gaskiya tana da amfani ga ciwo, har a asibiti akwai wadda aka tace don haka, matsalar ita ce ta kasuwa ba ki san me aka gauraya a ciki ba. Kuma kar a fara ɗura wa yaro kafso ja da baƙi haka kawai ba likita ya rubuta ba.

Yanzu ki ɗauki tafin hannun yaron, nasa ba naki ba, ki gwada da wurin. In ƙunar ta fi tafin hannunsa girma to ba ta gida ba ce, ku tafi asibiti yau. Haka in ta gangaro ta kama gwiwar hannu ko hammata, saboda ƙunar gaɓa in ta warke ba daidai ba fatar tana tsukewa hannu ya ƙi miƙewa. Fuska, wuya, tafin hannu, yatsu, ƙafa da al'aura duk na asibiti ne komin ƙanƙantarsu. Wanda ke ruɗin mutane shi ne in wurin ya yi fari fat ko baƙi ya yi tauri kuma mutum ya ce ba ya jin zafi, sai a ce alhamdulillahi da sauƙi, alhali wannan ita ce mai zurfin, ta cinye har jijiyoyin da ke jin zafin. Ƙunar wutar lantarki, ta asid ko soda, ƙunar jariri, tsoho, mai ciwon suga ko sikila, su ma ba a zama da su a gida. In kun je ki tafi da katin rigakafinsa su duba ko yana buƙatar allurar tetanus, balle in an riga an sa wani abu na gargajiya.

In kuma ƙarama ce kika ci gaba da kula da ita a gida, kullum in kin buɗe ki duba da kyau. Jan yana faɗaɗa zuwa lafiyayyar fata, kumburi yana ƙaruwa, mugunya ko wari, zazzaɓi, yaro ya daina cin abinci, ko zafin da ya lafa ya dawo, ko ɗaya kika gani kar ki jira gobe. Wadda ta yi ja kawai tana warkewa cikin sati guda, mai bororo sati 2 zuwa 3, in an kai sati 2 ba ki ga tana haɗewa ba a kai shi a duba. Ki riƙa ba shi ruwa sosai da abinci mai gina jiki, ƙwan nan da ake son fasa masa a hannu a dafa masa ya ci, da wake da kifi in da hali.

Lokacin warkewa zai dame ki da ƙaiƙayi, ki yanke masa farce ki riƙa shafa Vaseline ko man kaɗanya tunda fatar ta riga ta rufe. Wurin zai fito fari ko jaja-jaja, kar hankalinki ya tashi, launin yana dawowa a hankali cikin watanni, ki dai riƙa sa masa riga mai dogon hannu in zai fita rana, kuma kar wata ta ba ki man bilicin ta ce yana goge tabo. In kika ga tabon yana tudu yana kauri ki nuna wa likita tun da wuri.