Amsar wani dattijo daga Maiurno

Ɗana, ka tambaye ni ko mu Hausawan Sudan mun narke cikin Larabawa, kuma da wane ilimi muke zama da mutanen da harshenmu ba ɗaya ba.

Ka san asalin zuwanmu. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a gabas har bakin kogin Nilu, kusa da Sennar. Sunansa garinmu ya ci. Wasu kuma maniyyata ne da guzuri ya ƙare musu a hanya, suka tsaya noman auduga a yankin Jazira na nan Sudan. Mutanen nan Fallata suke ce mana duka, ba ruwansu da wane ne Bahaushe wane ne Bafulatani.

Ku 'yan jami'a, in an ce falsafa sai hankalinku ya tafi ga Farabi da Ibn Rushd. Mu a zaure muka tsinci tamu. Kakanninmu sun tarar malaman nan Malikawa ne, Risalar da ake biyawa a Kano ita suke biyawa. Akwai ƙa'idar da kowane ɓangare ya yarda da ita: al'adatu muhakkama, wato al'adar mutane hujja ce muddin ba ta ci karo da nassi ba. Shi ya sa da 'yata ta auri Balarabe, danginsa suka yi jirtik ɗinsu, wato al'adar sa wa ango da amarya albarka, da turare da jan ƙyalle, mu muka yi buɗar kai, babu wanda ya kafirta wani. Na dai sha kallo, ban ɓoye maka ba. Gayyarmu su nafir suke kiranta. Agashenmu kuwa ya daɗe da cinye Khartoum.

Kada ka ɗauka kullum lafiya ake. A Yulin 2022 jini ya zuba a jihar Blue Nile, wajen Damazin da Rusairis, kan ƙasa da sarauta, tsakanin namu da maƙwabta, galibi masu salla alƙibla ɗaya. Irin wannan rana ajawid ake nema, dattawan sulhu, a zauna judiyya, wato zaman sasanci na gargajiya. Malamai sukan jawo abubuwa biyar da Gazali ya ce shari'a ta zo tsarewa: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Daga nan sai a shiga lissafin diyya da na gonakin da aka ƙone, kuma a nan zaman yake daɗewa.

Hausa kam muna yinta a gida, sai dai jikokina suna cusa mata Larabcin Sudan irin su "ya zol" da "tamam". In kana da mai zuwa, a riƙo mini daddawa.